An Manna Mana Takardar Gargaɗi A Ƙofa, Kuma Na San Wanda Ya Kai Ƙararmu

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu, ya bar mana gida mu biyar. Ni ce babba, kuma ni kaɗai ke zaune a ciki da 'ya'yana. Makon jiya na dawo daga aiki na tarar da takarda daga ƙaramar hukuma manne a ƙofa: wai katangar da ke fuskantar titi ta tsage ta karkata, ciyawa ta cinye filin baya, magudanar ruwa ta toshe, sannan tsohuwar motar Baba da ke ajiye a gefen gida a kawar da ita. An ba ni kwana 30, in ba haka ba tara. Na tabbata maƙwabcinmu ne ya kai ƙara, don mun taɓa yin sa-in-sa da shi. Ƙannena sun ce tunda ni ke zaune a gidan, ni zan biya. Wata ƙawata ta ce in share su kawai, barazana ce, ko kuma in ba jami'in ɗan wani abu. Gidan ubanmu ne, ina ruwan hukuma da shi? Kuma in je in sami maƙwabcin nan ne mu yi ta ta ƙare? — Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Zan fara da shawarar ƙawarki, domin ita ce ta fi saurin jefa ki cikin rami. Duka hanyoyin biyu da ta nuna miki ba sa ɓullewa. Yin shiru shi ne abin da ke mayar da ƙaramar takarda ta zama babban bashi, ba wa jami'i wani abu kuwa ba ya goge komai a cikin fayil ɗin ofis, sai dai ya ƙara miki laifi na biyu a kan na farko. Maganar maƙwabci kuma, wadda na ga ita ce ta fi ci miki rai, ita ce mafi ƙarancin muhimmanci a duk wasiƙar nan. Abin da ya kamata ya hana ki barci shi ne katangar.

Kin tambaya ina ruwan hukuma da gidanku. Tambaya ce mai kyau, kuma mutane da yawa suna yin ta cikin fushi ba tare da sun tsaya sun ji amsa ba. Kusan duk inda ake da ƙaramar hukuma, doka ta ɗauka cewa ikon mai gida a kan gidansa cikakke ne har zuwa inda halin gidan zai fara taɓa wani. Sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatarki ba ya duba takardar mallaka kafin ya ciji yaron maƙwabta. Ɓeran da ya yi sheƙa a ciyawarki ba ya tsayawa a kan iyaka. Daga nan dokokin suka samo asali. A Ingila, annobar kwalara da cunkoson birane ne suka haifar da dokokin lafiyar jama'a na 1848 da 1875, kuma ta 1875 ɗin ta wajabta wa hukumomin gari su naɗa jami'in da aikinsa shi ne bin unguwanni yana duba ƙazanta da abin da ke cutar da mutane. Duba-gari ke nan, kuma aikin bai canza sosai ba har yau, sai dai an ƙara masa sassa.

Idan kika duba irin waɗannan dokoki a ƙasashe daban-daban, za ki ga abu uku suke bi. Akwai abin da ke iya kashe mutum ko ya ji masa rauni, kamar gini mai shirin faɗuwa. Akwai abin da ke kawo cuta, kamar ruwa kwance da shara. Sai kuma abin da ke ɓata kyan unguwa ya karya darajar gidajen mutane, kamar kango, fenti da ya ɓare, ko mataccen abin hawa. Na ukun nan shi ake ta gardama a kansa, kuma ni kaina ina ganin a nan ne hukumomi suka fi wuce gona da iri, domin abin da wani ya kira muni, wani talauci ne kawai ya sa shi. Amma takardarki ta haɗa duka ukun. Katanga tana rukunin farko, kwata da ciyawa suna na biyu, motar tana na uku. Hukuma ba ta ɗaukar su da nauyi ɗaya, ke ma kada ki ɗauke su haka.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani ya kai ƙorafi, ko jami'i ya gani da idonsa yana wucewa. A zo a duba, a ɗauki hoto, a rubuta takarda a ba da wa'adi. Wa'adi ya cika a dawo a sake dubawa. In an gyara, a rufe fayil, shi ke nan, galibi ko kwabo ba a biya. In ba a gyara ba, hukuma na da sanda uku a hannu: ta ci tara, ko ta shigo ta yi aikin da kanta ta aiko da lissafin kuɗi, ko ta rataya wa gidan bashin ta yadda ba za a iya sayar da shi ko jinginar da shi ba sai an biya. Wato takardar da ke hannunki mataki ne na farko-farko, kuma a wannan matakin kin fi kowa iko a kan inda maganar za ta ƙare.

Misali, a Ingila sashe na 215 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba hukumar gari damar umartar mai fili ya gyara shi idan halinsa yana ɓata unguwa, kuma umarnin ba ya fara aiki sai bayan aƙalla kwana 28 da miƙa shi, domin mutum ya sami damar kai kuka kotun majistare. In ya yi biris, sashe na 219 ya halatta wa hukumar ta shiga ta yi aikin ta karɓi kuɗinta daga gare shi. A Japan, inda binciken gwamnati na 2023 ya ƙirga gidaje kusan miliyan 9 da ba kowa a ciki, dokar da ta fara aiki a 2015 ta jera matakan ɗaya bayan ɗaya: nasiha, sannan gargaɗi a rubuce, sannan umarni, sannan a rushe ko a gyara da kuɗin mai gida. Tun a mataki na biyu mai gida ke rasa rangwamen harajin da ake yi wa filin da ke da gidan zama a kai, wanda ke iya sa harajin filin ya ninka har kusan sau shida. Ki lura, ba wanda ya fara da rushewa. Duk tsarin an gina shi ne a kan a ba mutum ƙofar fita sau da yawa kafin a kai ga ƙarfi, domin ita ma hukumar ba ta son ɗawainiyar kotu da haya ma'aikata.

To amma in mutum ya ƙi bin ƙofofin nan, ga abin da ke iya faruwa. A jihar Fulorida ta Amurka, babi na 162 na dokokin jihar ya yarda a ci tarar da ta kai dala 250 a kowace rana a karon farko, dala 500 a kowace rana in an maimaita laifin cikin shekara biyar. A 2018, a garin Dunedin, wani dattijo ya tafi wata jiha don daidaita al'amuran gadon mahaifiyarsa, mutumin da ya bar wa aikin yankan ciyawa kuma ya rasu. Ciyawa ta wuce inci 10 da dokar garin ta ƙayyade. Da yake an taɓa rubuta shi a 2015, sai aka ɗauke shi a matsayin mai maimaita laifi, tara ta riƙa hawa dala 500 kullum har ta doshi dala 30,000, hukumar garin ta fara maganar karɓe gidan. Ya kai ƙara cewa tarar ta wuce kima. Kotun tarayya a 2021 ta ce tarar tana kan doka, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar da haka a 2022. A ganina wannan zalunci ne da aka sa wa rigar doka, ciyawa ba ta kai a raba mutum da gidansa ba. Sai dai ra'ayina bai rage masa ko dala ɗaya ba. Abin da nake so ki ɗauka a nan biyu ne. Tara mai hawa kullum ba ta jiran uzuri, ko da uzurin mutuwa ne. Kuma fayil yana da ƙwaƙwalwa: yadda kika rufe wannan maganar shi zai yanke yadda za a bi da ke nan da shekara uku in ciyawa ta sake tashi.

Saboda haka ki cire takardar daga inda kika jefa ta, ki zauna ki karanta ta a tsanake, gaba da baya. Ki nemi sunan sashen da ya aiko, lambar fayil, sunan jami'in, da sashen dokar da aka ce an karya. Ki duba daga wace rana aka fara ƙirga kwana 30 ɗin, domin sau da yawa ana ƙirgawa ne daga ranar da aka rubuta ko aka manna, ba daga ranar da kika gani ba, kuma mako guda ya riga ya tafi. Sannan ki duba ko akwai wani wa'adi na dabam na ɗaukaka ƙara. Wannan shi mutane suka fi yin sake da shi, domin yakan fi wa'adin gyara gajarta. A Ingila, alal misali, wanda aka ba umarnin kawar da abin da ke cutar da jama'a a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990 kwana 21 kacal yake da shi ya je kotu. In ranar ta wuce, ko da yana da gaskiya, bakinsa ya rufu.

Bayan haka ki je ofishin da ƙafarki, cikin wannan makon. Zuwan yana da amfani biyu. Za ki tabbatar takardar ta gaske ce, domin akwai 'yan damfara da ke buga irinta su zo karɓar kuɗi a ƙofa. Kuma za ki mayar da kanki mutum a idon jami'in, maimakon lambar gida a kan tebur. Kada ki shiga da faɗa, kada kuma ki shiga da kuka. Ki tambaye shi dalla-dalla me zai gani ya ce an gyara. Ciyawar, wane tsawo ne doka ta yarda? Wannan adadi kowane gari da nasa. Ko kundin ƙa'idojin kula da gidaje da garuruwan Amurka da yawa ke kwafa ya bar gurbin tsawon ciyawa a buɗe, kowace hukuma ta cike da kanta. Katangar, rushewa ake nufi ko tokarewa ta wadatar kafin a sake gini? Sake ginin yana buƙatar izini? Motar, a fitar da ita gaba ɗaya ko in an shigar da ita cikin rumfa an rufe ya isa? Mutane sukan kashe kuɗi su yi aikin da ba shi aka nema ba, a dawo a ce da sauran aiki.

Duk abin da kuka tattauna, ki bi shi da wasiƙa. Gajeriya: kin karɓi takarda mai lamba kaza ranar kaza, kin riga kin yi kaza da kaza, kaza kuma zai ɗauki mako kaza saboda gidan na magada ne kuma aikin na buƙatar magini, kina roƙon ƙarin lokaci zuwa rana kaza. Ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. Jami'ai da yawa suna da ikon ƙara wa'adi, kuma sun fi sakin hannu ga wanda ya zo da rabin aikin a gama da rana tsayayya, a kan wanda ya zo ya ce a yi haƙuri babu hali. Alkawarin baki kuwa, ko da jami'in mutumin kirki ne, ba ya nan ranar da aka canza masa wurin aiki.

Yanzu katangar. Ina so ki fita ki tsaya daga gefe ki kalle ta ta tsawonta, ba ta fuska ba. In kin ga ta sunkuyo wajen titi, to ba tsagewar ce babbar matsala ba, karkatar ce. Katangar da ke tsaye ita kaɗai, ba rufi a kanta ba ɗaki a jikinta, nauyinta ne kawai ke riƙe da ita. Da zarar ta fara kaucewa daga kan harsashinta, iska mai ƙarfi ko ruwan dare ɗaya na iya ƙarasa ta, kuma ba ta yin sallama. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya tana ɗaukar tsagewar da ba ta wuce milimita 5 ba a matsayin wadda ake iya cikewa, wadda ta wuce milimita 25 kuwa lalacewa ce ta gaske da ke neman a sake gini. Amma wannan ma'auni na bangon da ke tsaye daidai ne. Wanda ya karkata, shafa masa siminti kwalliya ce kawai, kuma jami'in da ya san aikinsa ba zai karɓa ba.

Ina kuma zargin abu biyu a takardarki abu ɗaya ne. Magudanar da ta toshe, in tana bin gindin katangar, ruwan da ya rasa hanya yana jiƙa ƙasar da harsashin ke kai, ƙasa ta yi laushi, gefe ɗaya ya nutse, bango ya bi. Saiwar bishiya ma tana yin haka. Ki sa maginin da za ki kira ya duba wannan kafin ya faɗi kuɗin aiki, in ba haka ba za ki sake gina katanga a kan cutar da ta kayar da ta farko. Kuma ki sani ba lallai ne ki sami kuɗin sabon gini cikin kwana 30 ba. Abin da hukuma ke nema shi ne a kawar da haɗari. Sauke layukan bulo na sama, ko sauke sashen da ya karkata a sa shinge na wucin gadi, aiki ne na yini ɗaya ko biyu, kuma bai kai rabin kuɗin gini ba. Kafin magini ya zo, ki hana yara wasa a wurin, ki sa wata alama ta wajen titi don masu wucewa su kauce.

Dalilin da ya sa hukumomi ba sa wasa da wannan rukunin a bayyane yake. Ranar 5 ga Nuwamba 2018 gine-gine biyu suka rufta a titin Aubagne da ke birnin Marseille na Faransa, mutum takwas suka mutu, kuma an daɗe ana ganin tsagewa a jikinsu. A ƙasar, magajin gari yana da ikon ba da umarnin a gyara gini mai haɗari, ya ɗora tarar jinkiri da ke iya kai Yuro 1,000 a rana, ya sa a yi aikin da kuɗin mai gida. A Ingila dokar gine-gine ta 1984 ta yarda hukuma ta ɗauki matakin gaggawa a kan gini mai haɗari ba tare da jiran kotu ba. Ga kuma wani abu da ya shafe ki kai tsaye: daga ranar da aka manna takardar nan, ba ki da damar cewa ba ki sani ba. In katangar ta faɗa wa wani, Allah Ya kiyaye, takardar ce shaida ta farko da za a ɗaga a kanku, ku biyar ɗin.

Ciyawa da kwata ba sa buƙatar dogon bayani. Aikin ƙarshen mako ne. Ki ɗauki hoto kafin a fara da bayan an gama, ki ajiye rasit in kin biya wani. Sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana goma a ruwa kwance, saboda haka 'ya'yanki ne za su fara cin ribar wannan aikin kafin kowa.

Motar ce na san za ta yi miki wuya, ko da yake ba ki faɗa ba. Mota ta shekara huɗu a wuri ɗaya ba don an rasa mai saye ba ne, don ba wanda ke son ya zama shi ne ya ce a ɗauke motar Baba. Amma a idon doka abin hawan da ba ya tashi, tayoyi sun sace, ruwa na taruwa a cikinsa, tarkace ne, kuma a garuruwa da yawa hukuma na iya janye shi ta aiko da kuɗin janyewa da na ajiya. Gara ku ku yanke shawarar da kanku. Ita ma dukiyar gado ce, kada ki sayar ke kaɗai ba da sanin sauran ba, ki jawo wa kanki wata rigimar. In akwai mai son ta a cikinku ya zo ya ɗauka cikin mako biyu. In babu, ku sayar, kuɗin ya tafi kan katanga. Ba na jin Baba zai ƙi motarsa ta gyara gidansa.

Kada ki ɗauka daga duk wannan cewa hukuma ba ta da linzami. Tana da shi. Jami'i na iya rubuta abin da ya hango daga titi, amma shiga cikin gida wani abu ne dabam. A Amurka Kotun Ƙoli ta yanke a 1967, a shari'ar wani mazaunin San Faransisko da ya hana masu duba gidaje shiga, cewa in mai gida ya ƙi, sai an samo izinin kotu, ban da halin gaggawa. A 2019 kuma ta tabbatar cewa haramcin tara mai wuce kima da ke cikin tsarin mulki ya hau kan jihohi. A wasu ƙasashen doka ta ba jami'i ikon shiga bayan ya ba da sanarwa. Galibi dai kina da haƙƙin ganin katin shaidarsa, da sanin sashen dokar da ya dogara da shi, da samun rasit na hukuma a kan duk abin da kika biya, a ofis ko a asusun hukuma, ba a hannun mutum ba. In kin ga an rubuta abin da ba gaskiya ba, misali magudanar ta gefen titi ce wadda hukumar kanta ke da alhakin yashewa, to ki ƙalubalanci wannan sashen a rubuce cikin wa'adi, ki ci gaba da gyara sauran. Ƙalubalantar abu ɗaya ba lallai ne ya dakatar da agogon sauran ukun ba. In kuma magana ta kai ga tara mai hawa ko rataya wa gida bashi, lokacin ganin lauya ya yi, kada ki tsaya sai an aiko sammaci.

Idan an gama komai, ki nemi a dawo a duba, kuma ki karɓi takardar da ke cewa an rufe fayil. Mutane da yawa sun yi gyara sun koma sun kwanta, tara tana ta hawa a ofis saboda ba wanda ya je ya ce an gama.

Maƙwabci kuwa, kin ce kin tabbata, amma hujjar da kika kawo ita ce kun taɓa yin sa-in-sa. Katangar da ke fuskantar titi kowa na ganinta: mai kai yara makaranta, mai share hanya, jami'in kansa. Wurare da yawa ba sa bayyana wanda ya kai ƙorafi. Wasu sun ga yadda ake amfani da ofishin wajen ramuwar gayya sun ɗauki mataki, kamar Fulorida da ta hana a 2021 a buɗe bincike a kan ƙorafin wanda ya ɓoye sunansa, sai in akwai haɗari na nan take. Wato zarginki ba tatsuniya ba ne, ana yin haka. To a ce ma shi ne. Niyyarsa tsakaninsa da Allah, amma tsagewar ba shi ya zana ta ba. In kika je kika tayar da hayaniya a ƙofarsa, kin ba shi abin kai ƙara na biyu, wannan karon wurin 'yan sanda, kuma kin sa duk unguwa ta zuba ido a kan gidanki daidai lokacin da kike neman a ƙara miki wa'adi. Ki gaishe shi yadda kika saba. In katangar ko magudanar ta haɗa iyaka da shi, dole ma ki sanar da shi ranar da magini zai zo, kuma wataƙila wani sashe na aikin nasa ne.

Saura ƙannenki. Maganarsu tana da rabin gaskiya, kuma gara ki amsa rabin da bakinki kafin su jefe ki da shi. Ciyawa da shara da yashe kwata hidimar yau da kullum ce, tana kan wanda ke zaune a gida, musamman in ba ya biyan haya. Wannan ki ɗauka, kada ki nemi kowa ya taya ki. Amma katanga jikin gidan ce, kuma gidan na mutum biyar ne. Hukuma tana bin mai mallaka, bashin da za a rataya kuma a kan gidan duka zai hau, ba a kan kason mai zama a ciki ba. Ranar da aka zo sayarwa ko rabo, daga kuɗin kowa za a cire. Ki tura musu hoton takardar da hoton katangar da kiyasin magini biyu, ki rubuta kason kowa da ranar da ake buƙata. Wanda ya ce ba shi da shi yanzu, kada ki tsaya jayayya har wa'adi ya ƙare. In kina da hali ki biya, amma ya rubuta ya sa hannu a gaban shaidu cewa za a cire daga kasonsa. In sun ƙi ko da wannan, ki sa babban da suke jin nauyinsa a dangi ya zauna da ku.

Ki kuma duba sunan wa ke kan takardar hukumar. In har yanzu sunan Baba ne, to duk wasiƙar da za ta biyo baya, har da ta tara da ta zaman sauraron ƙara, da sunan mamaci za a aiko, kuma doka a wurare da yawa tana ɗauka an isar da saƙo da zarar an aika zuwa sunan da adireshin da ke cikin rajista. Gidajen gado da ba a sauya musu suna ba sun zame wa hukumomi ciwon kai har Japan ta wajabta, daga Afrilun 2024, magaji ya yi rajistar abin da ya gada cikin shekara uku ko ya fuskanci tarar da ke iya kai Yen 100,000. Ranar da kika je ofishin, ki ba da sunanki da lambarki a matsayin wadda za a riƙa tuntuɓa, ki tambayi takardun da ake buƙata don mayar da gidan sunan magada, ki sa wannan ma a cikin saƙon da za ki tura wa ƙannenki.